Mahayan Rairayi

Kwalta ba ta nuna gwani. Duk yaron da ya iya sakin kulochi da sa giya zai iya ɗauko babur daga birnin Kano, ya bi titin Maiduguri, ya ci kilomita 40 ɗin nan har ya tsallaka gadar Wudil, in dai ya kiyayi manyan motoci. Wurin da ake rarrabe ɗan koyo da mahayi shi ne inda kwalta ta ƙare, burji ma ya ƙare, hanya ta koma rairayi zalla, irin wanda in ka taka da rana tsaka ƙafarka ke nutsewa har idon sawu. A nan 'yan acaɓan ƙasar Wudil suke da wani ilimi da ba a rubuta shi a ko'ina ba, ba a kuma taɓa ba wani takardar shaida a kansa ba.

Ƙasar ce ta koya musu. Kogin Kano da na Challawa suna haɗewa kafin su iso Wudil, daga nan ruwan ya miƙe zuwa Haɗeja, ya bi ta Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Shekara da shekaru kogin yana ajiye yashi, har ɗibarsa ta zama sana'ar da aka san garin da ita: masu kwalekwale suna ɗebowa, tifofi suna kwasa zuwa birni ana gini. Irin wannan ƙasa mai laushi ita ce shimfiɗe a hanyoyin lambunan bakin kogi da na gonaki da na ƙauyuka. Ranar Juma'a da kasuwa ke ci, idon baƙo yana kan kara, inda ake lodin shanu a tireloli zuwa kudu. Wanda ya tsaya ya lura da ƙananan hanyoyi tun da sassafe zai ga wani lodin daban: buhun dawa, akuya a ɗaure, kwandon tumatir, dattijo da rawaninsa da sandarsa. Da yawansu a bayan Boxer suke, ɗan babur ɗin nan na kamfanin Bajaj na Indiya, mai inji 100cc da giya huɗu.

Tun watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa a cikin birni, A Daidaita Sahu ta maye gurbi. To amma A Daidaita Sahu da 'yan ƙananan tayoyinta ba ta da ta cewa a rairayi. Saboda haka a ƙauyukan Wudil da Garko da Warawa da Gaya, har gobe babur ke da hanya.

Darasi na farko a wannan sana'a ya saɓa wa abin da zuciya ke faɗa wa mutum. Da zarar tayar gaba ta shiga rairayi, kan babur zai fara rawa, ya yi dama ya yi hagu. Zuciya sai ta ce a kama birki. Wanda ya bi ta kuwa ya sha ƙasa. Dalili shi ne, birki yana tura nauyin babur da na mahayi gaba ɗaya zuwa gaba, tayar gaba ta ƙara nutsewa, ta tara tudun yashi a gabanta, kan ya karye gefe guda, sai dai a ji tim. Gwani idan ya ji rawar nan sai ya ɗan ja jikinsa baya, ya ƙara wuta kaɗan. Nauyi ya koma kan tayar baya, ta gaba ta yi sauƙi ta hau saman yashin maimakon ta riƙa noma shi, babur ya miƙe da kansa. Abu ne mai sauƙin faɗi. A aikace kuwa, sai mutum ya horar da hannunsa ya riƙa yin akasin abin da tsoro ke umartarsa, kuma wannan horo ba ya samuwa sai da ƙujewar gwiwa da ƙunar salansa a ƙwauri.

Wutar ma da iyakarta. In ta yi yawa, tayar baya za ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana haƙa wa kanta rami, har babur ya zauna a kan cikinsa. In ta yi kaɗan, inji ya shaƙe ya mutu. Tsakanin waɗannan biyun akwai wani ɗan siririn mizani, kuma da kunne ake gane shi. Mahayi yana sauraren kukan injinsa, in ya ji ya yi sama fiye da tafiyar da babur ke yi, ya san taya ta fara zamewa, sai ya sassauta totur da abin da bai fi kaurin farce ba. Giyar da zai ratsa yashin da ita, yawanci ta biyu, tun kafin ya shiga yake zaɓarta. Ba ya canji a tsakiya, don kama kulochi yanke ƙarfi ne, kuma ko na ƙiftawar ido aka yanke wa babur ƙarfi a rairayi, ya nutse.

Sai hannu. Ɗan koyo yana damƙe kan babur kamar za a ƙwace masa, kafaɗunsa sun sandare, ƙafafunsa biyu a ƙasa yana jansu. Duk rawar da taya ta yi tana shiga jikinsa kai tsaye, shi kuma yana mayar mata da martani, su yi ta ja-in-ja har ɗaya ya kayar da ɗaya. Gwani da gwiwoyi yake riƙe babur, ya matse tanki, ya bar hannuwansa sakwa-sakwa, kan babur ya yi 'yar rawarsa ya gama. Ƙafafunsa suna kan mataki, in ta kama ya dafa ƙasa sau ɗaya ya mayar. Idonsa kuma ba ya kan tayar gaba. Yana can nesa, inda yake son ya fita, don babur inda ido ya kalla nan yake zuwa. Wanda ya zuba wa kututture ido yana tsoron karo da shi, da shi zai yi karo.

Abin da ya fi burge ni a wurinsu shi ne karatun ƙasa. Rairayi ba iri ɗaya ba ne, kuma ko guda ɗaya ne ba ya kwana yadda ya wuni. Da asuba, lokacin da sanyi da raɓa suka ɗan kama shi, yana da ƙarfin ɗaukar taya. Da azahar ya bushe ya saki jiki. Bayan ruwan sama ya yi dam, har ya fi burji daɗin bi, sai dai a nan kuma ake tsoron inda yashi ya rufe taɓo. Mahayi yana duban launi: inda ya yi duhu da ɗan danshi, inda ya yi fari fat da zurfi. Yana bin sawun baburan da suka riga shi, yana gudun ramin da amalanken shanu ta yanka, in kuwa dole sai ya tsallaka shi, ba ya bin sa a kwance sai ya yanke shi a karkace. Gefen hanya inda saiwar ciyawa da sabara suka riƙe ƙasa ya fi tauri, amma nan ƙaya take, sai ya auna tsakanin nutsewa da faci. Wasu kan rage iskar taya kaɗan kafin su shiga doguwar jigawa, don ta baje ta ƙara faɗin abin da ke taɓa ƙasa. In sun fito kwalta sai su tsaya wajen mai faci a mayar, don taya mai ƙarancin iska da lodi a kan kwalta tana cin tib.

Duk wannan fa da kaya ake yinsa. Buhun hatsi guda kan yi kusa da nauyin babur ɗin kansa, kuma inda aka ɗora shi da yadda aka ɗaure shi su ne rabin tuƙin. A matso da shi kusa da bayan mahayi, a ja shi da robar tib har ya zama ba ya motsi ko kaɗan, don kayan da ke rawa suna da nasu ra'ayin a kan inda babur zai nufa. Fasinja ya fi buhu wuya, tunda shi yana da tsoro. Shi ya sa kafin a faɗa yashi za ka ji ɗan acaɓa ya waiwayo ya ce, "Baba, a zauna daram, kar a sauke ƙafa." Fasinjan da ya zabura ya dafa ƙasa, ko ya karkata don ya taimaka, shi ke kayar da su duka. Da yamma kuma akwai aikin da ba mai gani: yashi in ya haɗu da man da ke jikin sarƙa yana cinye ta da haƙoran da take hawa, ƙura kuma tana toshe matatar iska. Mai kula da abin hawansa yana wankewa yana kakkaɓewa, wanda bai kula ba kullum yana gindin bishiyar bakanike.

A wasu ƙasashe, irin wannan gwaninta ta sarrafa babur a kan ƙasa mai zamewa an gina mata filayen wasa, ana sayen tikiti a kalla. Wasan da ake kira sifidiwe ke nan, tseren babur marar birki. Ana yawan danganta farkonsa da wani taro da Johnnie Hoskins ya shirya a West Maitland ta ƙasar Ostareliya ranar 15 ga Disamba, 1923. Ya shiga Ingila a High Beech, kusa da Landan, ranar 19 ga Fabrairu, 1928. A 1936 aka yi gasar duniya ta farko a filin Wembley, Lionel Van Praag ɗan Ostareliya ya ci.

Tsarinsa gajere ne. Fili mai siffar ƙwai, zagayensa tsakanin mita 260 da 425, an shimfiɗa masa dakakken dutse, ana yayyafa masa ruwa, tarakta tana baje shi lokaci-lokaci. Mahaya huɗu, kowa da launin hularsa: ja, shuɗi, fari, rawaya. Zagaye huɗu, kwana duk ta hagu, cikin kusan minti ɗaya an gama. Na ɗaya maki 3, na biyu 2, na uku 1, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. Babur ɗin kuwa abin mamaki ne. Injinsa 500cc, yana shan metanol maimakon fetur, ƙa'ida ta hana nauyinsa ya gaza kilo 77, wato bai kai Boxer nauyi ba, amma ya ninka ta ƙarfi kusan sau goma. Giya ɗaya tak. Birki kuwa babu, gaba da baya. A miƙaƙƙen layi yana haura kilomita 100 a awa, ga kwana tana jiransa a gaba.

To yaya ake rage gudu? Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar hawan daushe ya ga amsar. Mahayi ya taho a sukwane, ya ja linzami, doki ya zauna a kan ƙafafun baya ya yi zamiya, ƙura ta tashi, gudun ya mutu a cikin ƙasa. Haka mai wannan babur yake yi, sai dai shi a karkace. Yana isa bakin kwana sai ya tura nauyinsa gaba, ya kwantar da babur hagu, ya jefa tayar baya waje. Babur ya juya ya ba kwanar gefensa, tayar baya tana juyawa tana feshin tsakuwa, wannan gogayya ita ke cinye gudun. Kan babur a lokacin yana kallon dama alhali tafiyar hagu ake yi. Ƙafar hagu, wadda aka sa wa takalminta tafin ƙarfe, tana shafar ƙasa. Totur ne sitiyari a nan: da shi ake buɗe zamiyar, da shi ake rufe ta. Wanda tsoro ya sa ya saki wuta a tsakiyar kwana, tayar baya za ta cafki ƙasa nan take, babur ya miƙe ya nufi shinge da shi. Wajen fita kuma sai mahayi ya koma baya da jikinsa don taya ta kama, ta harba shi gaba. Ɗan acaɓan Utai ko Darki a ƙasar Wudil in aka nuna masa wannan a waya ba ya buƙatar tafinta.

Karatun ƙasa ma yana nan. Yayin da tsere ke ci gaba, tayoyi suna tura sakakkiyar ƙasa zuwa wajen fili, ciki ya yi sulɓi, waje ya yi kauri. Hanyar ciki ta fi gajarta, ta waje ta fi kama taya. Gwanaye sukan fito su duba filin tsakanin tsere da tsere, su koma su sa a canja haƙoran sarƙa ko a matsa tayar baya gaba ko baya. Irin wannan lissafi, haɗe da saurin sakin kulochi lokacin da igiyar da ke tare mahaya a layin farawa ta tashi, shi ya ba Ivan Mauger na Niyu Zilan kambin duniya sau shida tsakanin 1968 da 1979, ya kuma ba Tony Rickardsson na Suwidin shida tsakanin 1994 da 2005.

Tsofaffin 'yan kallo a Ingila in suna tuna zamanin da wasan ke tashe, abin da suka fi ambata ba maki ba ne, ƙamshi ne. Injinan suna amfani da man zurma, wato cika-gidan nan da ke fitowa a bayan gidajenmu ba mai kula ta, kuma in ya ƙone tare da metanol yana ba da wani ƙamshi da ke cika fili ya kama tufafi. Suna tuna tsayuwa a daidai kwana, da yadda ake ɗaga allon rubuta maki a kare fuska in tsakuwa ta taso, da uba yana koya wa ɗansa cike jadawalin maki da biro, da ɗan shirun da ake yi kafin igiya ta tashi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, dubun-dubatar mutane ke cika Wembley don wasan mako-mako kawai. Gasar duniya ta ƙarshe da aka yi a can, a 1981, mutum fiye da 90,000 suka kalla, Bruce Penhall ɗan Amurka ya ci, kuma har yau ana labarin tserensa da Ole Olsen na Denmak wanda da ƙyar aka gane wanda ya riga. Yawancin tsofaffin filayen Ingila yanzu babu su. Na Hyde Road a Manchesta an rufe shi a 1987, na Coventry a 2016. Kasuwar wasan ta koma Poland, inda Jerzy Szczakiel ya fara ciyo musu kambi a Chorzów a 1973, inda kuma garuruwa irin su Leszno da Gorzów da Zielona Góra ke cika filaye duk mako a lokacin gasa. Bartosz Zmarzlik, wanda ya fara zama zakaran duniya a 2019 ya kuma yi ta maimaitawa, ɗan can ne.

Wasan ya ci rayuka. Peter Craven, zakaran duniya sau biyu, ya rasu a 1963 yana da shekara 29 bayan haɗari a filin Edinbura. Gwanin ruwa shi ruwa kan ci. Irin waɗannan rashe-rashe su suka sa aka yi ta ƙara matakan kariya: igiya a wuyan hannu da ke kashe inji da zarar mahayi ya faɗi, shingen da aka hura wa iska a kwanoni, likita da motar asibiti a bakin fili kafin a fara.

Mu ma muna da masu son nuna bajinta, kuma muna da 'yan kallo. Duk wanda ya halarci rakiyar ango ko amarya a garuruwanmu ya ga samari suna juya babur a wuri ɗaya, ƙafa ɗaya a ƙasa, ƙura na turnuƙewa, wani ya ɗaga tayar gaba, wani ya saki hannu, yara suna shewa. Akwai gwaninta a ciki, kuma ƙarya ne a ce babu. Wanda ya iya zame tayar baya ya zagaye ƙafarsa ba tare da inji ya mutu ba, ya san totur da kulochi sani na haƙiƙa. Amma ana yin abin ne a tsakiyar jama'a, a bakin titin da tireloli ke bi, da silifa a ƙafa da hular zanna a ka, wani lokaci da abin maye a ciki. Shi ya sa sunansa a bakin iyaye ganganci, kuma suna da gaskiya, don su ke jinya, su ke karɓar gaisuwa. Zancen hular kwano kuwa, mun san yadda muka yi da shi: lokacin da aka tilasta sa ta a farkon 2009, har ƙwarya wasu suka kifa a ka don su wuce jami'an kiyaye haɗurra.

Hani kaɗai bai taɓa raba saurayi da babur ba, sai dai ya canja masa unguwa. Abin da nake gani ya fi shi ne a raba wasan da titi. Dambe yana da dandali, ƙwallo tana da filin Sani Abacha a Ƙofar Mata, dawaki suna da filin sukuwa a Nassarawa, babur ne kawai aka bar wa hanyar jama'a. Wudil tana da abin da ake buƙata. Ga fili a bayan gari, ga kogi kusa da za a ɗebi ruwan yayyafi, ga tsofaffin tayoyi jibge a wajen masu faci da za a yi shinge da su. Ga jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, da ɗalibanta na injiniyanci da za su iya auna fili su duba lafiyar babura. Dattawan 'yan acaɓa da suka tsufa a cikin rairayi su zama alƙalai, su kuma koya wa yara. Sharaɗi ya zama ba hular kwano ba hawa, ba takalmi ba hawa, ba motar asibiti ba wasa, wanda kuma aka kama yana yi a titi a hana shi shiga fili.

Shugabannin ƙungiyar 'yan acaɓa su kai maganar gaban hakimi da ƙaramar hukuma, a fara da ware filin.